Yadda ake haɗa wa yaro kayan sawa idan zai shiga sikis fom a Ingila

Ranar farko da babban nawa ya shiga aji 12, ko ƙarfe goma ba ta yi ba sai ga kira daga makaranta, wai a kawo masa wani takalmin ko ya dawo gida ya canjo. Ina wurin aiki, Abbansu ya yi aikin dare yana barci, takalmin kuwa sabo ne dal, baƙi wuluk ko ɗigon fari babu, ni na saya da hannuna ina ta murna na samu mai sauƙi. Matsalar ɗaya ce, kambas ne. Su kuma a takardarsu sun rubuta takalmin fata wanda ake iya gogewa da foli, can wajen tsakiyar shafi, ni dai karatuna bai kai nan ba. Yanzu ga ƙanwarsa ma ta shiga, na ga ɓangaren mata da idona, shi ne na ce bari in zauna in rubuta abun dalla-dalla kowa ya huta da tambayata a waya.

Ga waɗanda suka iso ƙasar kwanan nan, sikis fom shi ne shekara biyun ƙarshe na sakandare, aji 12 da aji 13, daga shekara 16 zuwa 18, bayan yaro ya gama jarabawar GCSE, wato ta ƙarshen aji 11. Nan ake yin A-lebul, jarabawar da aka fi neman jami'a da ita, wasu su yi BTEC, wasu T-lebul da aka shigo da shi a 2020, su biyun nan karatun sana'a ne. Iyayenmu da suka yi HSC a Najeriya kafin a koma tsarin 6-3-3-4 sun san lowa sikis da ofa sikis, to shi ne dai, daga wajen Turawan Ingila muka kwaso shi muka zo muka ajiye. Kuma tun 2015 dokar Ingila ta ce sai yaro ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18, don haka ba zaman gida.

Inda ake samun rikicin shi ne yaron da ya shekara biyar cikin yunifom sai a ce masa yanzu babu yunifom, amma ka zo da irin shigar ma'aikacin ofis. Shi yaro "babu yunifom" kawai ya ji ya toshe kunne, ke uwa kin ji "shigar ofis" kin hango kwat ɗin ango. Duk kun kauce hanya. Yunifom ne har yanzu, bambancin kawai ba shago ɗaya za ki je a miƙo miki shi a leda ba, ke za ki bi shaguna ki harhaɗa, in kin yi kuskure kuma yaron ne zai tsaya a bakin ƙofa ana kallonsa.

Mataki na farko, ki san wace irin makaranta ce, sannan ki karanta takardar har ƙarshe

Iri biyu ne. Akwai sikis fom da ke cikin harabar sakandare, tare da ƙananan yara 'yan shekara 11, su ne suka fi tsanani domin cewa suke manya su zama abin koyi ga ƙanana. Akwai kuma kwaleji ta daban wadda 'yan 16 zuwa sama kawai take ɗauka, yawancinsu ba ruwansu da kwat, jins ma ka sa abunka in dai ba tsiraici ko rubutun banza a ƙirji. Saboda haka kada ki bi abin da maƙwabciya ta saya wa ɗanta, ko da a unguwa ɗaya kuke, ko da titi ɗaya ne ya raba makarantun. Gwamnati ba ta da tsarin sutura guda na ƙasa baki ɗaya, kowace makaranta ita da kwamitin gudanarwarta ke tsara nata.

Ki shiga shafin makarantar na intanet ki nemo dokar sutura ta sikis fom, ba ta ƙananan aji ba, ki tabbata ta wannan shekarar ce don suna canjawa. Ki buga ta a takarda in da hali, ki ɗauko biro, ku zauna ke da yaron a teburi ɗaya. Ku ja layi a ƙarƙashin abu uku: abin da aka ce dole, abin da aka hana, da abin da aka yi shiru a kansa. Na ukun nan shi ne mai haɗari. Ki lura da ƙananan kalmomi, ko jaket da wando sai sun zama yadi ɗaya launi ɗaya, ko an yarda a gauraya. Taye dole ne kullum ko sai ranar taro. Jaket ɗin a jiki ake so ko ya isa yana cikin jaka. Tsawon siket, launin safa, 'yan kunne nawa, farce, gashi, gemu, duk suna ciki.

Mataki na biyu, ki gama da maganar addini da gashi tun kafin a buɗe makaranta, kuma a rubuce

Nan zan ɗan daɗe don nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, wasu don tsoro su yi shiru yarinya ta je tana takure, wasu kuma su shiga da faɗa tun ranar farko. Dokar daidaito ta 2010 ta hana makaranta nuna bambanci saboda addini ko launin fata, shi ya sa hijabi da wuya ki samu makarantar da ta hana, sai dai ta ce launi kaza, mara ado, kada ya rufe katin shaida. Amma wannan dokar ba ta ce duk abin da kika ga dama za a sa ba. Akwai shari'ar Shabina Begum da makarantar Denbigh a garin Luton, yarinya ce da ta zo da jilbabi a 2002 aka ce ta koma ta sa yunifom, aka yi ta shari'a, ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2005, sannan a 2006 kotun ƙoli ta wancan lokacin, wato ta majalisar dattawa, ta ba makarantar gaskiya. Cikin dalilan har da cewa makarantar ta riga ta tuntuɓi masallatan garin ta kuma amince da riga da wando irin na Pakistan haɗe da ɗankwali. Kin ga kenan abaya ko doguwar riga har ƙasa abu ne na tambaya, ba na zato ba. Niƙabi kuwa makarantu da yawa ba su yarda da shi a aji, hujjarsu gane fuska da tsaron yara.

To ki rubuta imel gajere zuwa ga shugaban sikis fom ɗin, cikin ladabi, ba wa'azi ba barazana. Ni abin da na rubuta bai wuce layi biyar ba: 'yata za ta fara aji 12, tana sa hijabi da siket har idon sawu saboda addini, ga hoton irin wanda muke son saya, ya dace da dokarku? Na haɗa hoto biyu. Amsa ta zo cewa ba matsala in dai baƙi ne ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, yadin kwat ba mai bin jiki ba, kuma da jaket a sama. Na ajiye amsar a waya, ita ma na tura mata. Wata biyu bayan nan wani malami sabo ya tsayar da ita a baranda kan tsawon siket ɗin, ta buɗe waya ta nuna masa, magana ta mutu a nan. Ki yi wannan tun watan Yuni ko farkon Yuli, domin daga ƙarshen Yuli har Agusta makarantu suna hutu, imel ɗinki zai kwana ya tashi ba mai buɗewa.

Gashi ma haka. A watan Oktoba na 2022 hukumar daidaito da kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasar ta fitar da jagora cewa dokar makarantar da ta hana kitso ko tara gashi irin namu na baƙar fata ba tare da togiya ba tana iya zama nuna bambanci. Saboda haka kitso, ko shuku ne ko kalaba, ba abin ɓoyewa ba ne. Abin da suke yawan hanawa shi ne launin da ba na halitta ba, ja, shuɗi, ruwan hoda, da zane-zanen aska a kan samari. In za a yi ƙarin gashi a tsaya a baƙi ko ruwan ƙasa. Yaron da ke son barin gemu, shi ma a saka a cikin imel ɗin, yawanci cewa za su yi a dinga gyara shi kawai.

Lalle fa? Wasu makarantu sun hana jan farce da farcen roba, lalle kuma ba su ambace shi ba. Ki tambaya kafin Sallah, ba bayan an zana har gwiwar hannu ba. Baƙin lalle na kanti mai sinadarin rinin gashi kuwa ki bar shi ma gaba ɗaya, hukumar lafiya ta NHS ta sha gargaɗi a kansa, yana ƙona fata.

Mataki na uku, awo

Kada ki sayi komai sai kin auna yaron da tef ɗin tela, ta gefen inci, don da shi suke aiki. Na namiji awo huɗu ne. Ƙirji, ki zagaya ta ƙarƙashin hammata, lambar da kika samu ita ce ta jaket, 36 ko 38 ko 40, sai harafi a gefenta, S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. Wuya, ki zagaya ki saka yatsa biyu a ciki, shi ne lambar shat, 14 da rabi, 15, 15 da rabi. Sai ƙugu, sai tsawon ƙafa ta ciki, shi ya sa za ki ga wando an rubuta 30 da 32. Na mata lambobinsu 8, 10, 12 ne, amma 10 ɗin wannan shagon ba shi ne 10 ɗin wancan ba, dole a gwada. Takalmi kuma mu da muka saba da 39 da 42, nan 39 wajen 6 ne, 42 wajen 8. Ku je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da zai dinga sawa.

Wani hali namu na "a sayo babba zai girma a ciki", a kan jaket kam kada ki yi. Yaro ɗan 16 zai ƙara tsawo, gaskiya ne, amma jaket ɗin da kafaɗarsa ta zazzago kamar ya aro na Abbansa shi ne abin da abokai za su riƙe masa har ya gama. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai ƙarshen kafaɗarsa, hannun jaket ya tsaya a wuyan hannu, bakin hannun shat ya ɗan leƙo kamar rabin inci. Wando ne za ki iya sayen mai tsawo a naɗe ƙafar ta ciki, in ya miƙe a warware. Ko kuma akwai wani tef da ake mannawa da dutsen guga, ba sai kin nemi tela ba, don tela a ƙasar nan kuɗin gyaran ƙafar wando kaɗai sai ya ba ki mamaki.

Mataki na huɗu, sayayya, kuma kaɗan

Wani abu da ban sani ba sai da na je biya: kayan yara 'yan ƙasa da shekara 14 babu harajin VAT a kansu, na manya kuwa akwai kashi 20 cikin 100. Ɗan sikis fom ya shiga sahun manya, shi ya sa za ki ga kuɗin ya yi tsalle. Don haka lissafi ake yi.

Abin da ya ishi namiji a zangon farko: jaket ɗaya, wando biyu masu launin jaket ɗin, shat biyar, taye biyu, bel baƙi mara ƙaton kai, safa baƙaƙe masu yawa duk iri ɗaya don kada a tsaya neman 'yar uwarta da safe, takalmi ɗaya mai kyau, suwaita ɗaya mai wuyan V da ke shiga ƙarƙashin jaket. Wando biyun nan ki saye su rana ɗaya da jaket ɗin, wando ne ke fara mutuwa, yana ƙyalli a gwiwa da mazauni, in kin koma bayan wata shida ba lallai ki samu launin ba. Launi kuwa shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu, su ne ba su nuna ƙura kuma suna karɓar kowace shat. Taye ki duba takardar jikinsa, da yawa na alharini ne, mu kuma maza ba su sa alharini, na roba-roba ya fi araha ma kuma yana wankuwa.

Na mace: jaket ɗaya, siket ko wando mai faɗi guda biyu ko uku, riguna biyar masu dogon hannu waɗanda ba su nuna jiki, hijabi huɗu ko biyar masu launi ɗaya-ɗaya, hular ciki, kadigan, takalmi mara tsini mai rufe yatsu. Farar riga ki ɗaga ta sama ki kalli fitilar shago ta cikinta, in kina ganin hannunki to ki ajiye ko ki haɗa da 'yar ciki. Jaket na mata yawanci gajeru ne suna tsayawa a ƙugu, ki nemi mai tsawon da ya rufe mazauni, akwai su. Dogon siket kuma kada ya ja ƙasa, ya tsaya a idon sawu, don ƙasar nan ruwan sama ne ba dare ba rana, bakin siket ya jiƙe tun a tashar bas ta wuni da sanyi a ƙafa, ga matakala ga jaka a baya.

Wuraren saye: Marks & Spencer da Next don kwat da shat, kuma ki nemi kwat ɗin da aka rubuta ana iya wanke shi a inji, wannan kaɗai zai tsare miki kuɗi mai yawa. Manyan kantunan cefane suna da nasu, George a Asda, F&F a Tesco, Tu a Sainsbury's, sun isa shat da safa da kadigan. Primark da Matalan da TK Maxx ma a leƙa. Takalmi dai shi ne ban yarda a yi masa rowa ba, Clarks ko makamancinsa, mai tafin roba, yaro zai taka shi kwana biyar a sati cikin ruwa. Hijabi da dogon siket a je unguwannin 'yan Asiya, irin Green Street a gabashin Landan ko Alum Rock a Bamingham. Gwanjo kuma ba abin kunya ba ne a nan, Turawan ma shi suke bi, shagunan sadaka irin Oxfam da British Heart Foundation, da manhajar Vinted inda iyayen waɗanda suka gama aji 13 ke zubar da kwat ɗin da bai ji jiki ba a watan Yuli.

Ɗinkin gida fa? Na gwada. Na aika awo aka ɗinko kwat daga Kano, ɗinki ya yi kyau wallahi ba laifi, amma yadin mai sheƙi ne ga shafi mai nauyi a ciki, yaron ya sa ya kalli madubi ya ce Umma ɗaurin auren wa za ni. Yana nan a rataye har yau. Siket da riguna na mata kam in kina da tela mai jin magana ana iya ɗinkowa, ki aika masa hoto da sunan launi, ki ce masa ba dutse, ba aiki a wuya, ba tsaga.

Kada a cire takardar jikin kaya sai an sa su gaba ɗaya a gida an gwada su da takardar makaranta, kuma ki adana rasit. Abin da kika saya daga shago ta intanet doka ta ba ki kwana 14 ki ce kin fasa. Wanda kika saya a cikin shago kuwa in ba lahani gare shi ba, mayarwa alfarmar shagon ce, ki duba bayan rasit ki ga kwana nawa suka bayar. In kuma yaron bai tabbatar da makarantar da zai shiga ba sai sakamakon GCSE ya fito, wanda ke fitowa ranar Alhamis a ƙarshe-ƙarshen Agusta, to ki sayi shat da takalmi da wuri, kwat ɗin ki jira, ko ki saya ki bar takardarsa a jiki.

In hannu ya yi ƙasa, akwai tallafin 'yan shekara 16 zuwa 19 da ake nema ta makaranta, ana iya kashe shi a sutura da littattafai da kuɗin mota. Wani kason nasa ya kai fam 1,200 a shekara amma na yara ne masu yanayi na musamman, kamar waɗanda ke hannun hukuma, ɗaya kason kuma makaranta ke duba kuɗin shigar gida ta yanke. Yana da sharuɗɗan zaman ƙasa, don haka ki tambayi ofishin sikis fom kai tsaye ko kun cancanta da irin bizarku. Ki kuma tambaya ko suna da kayan da tsofaffin ɗalibai suka bari, tun jagorar gwamnati ta 2021 kan tsadar yunifom makarantu da yawa suna ajiye irin wannan.

Mataki na biyar, gwajin gida

Sati ɗaya kafin a koma, yaron ya shirya tsaf kamar gobe ne. Sabon jaket yana zuwa da zare mai kamar X a tsagar baya, a yanke shi, haka aljihunan a ɗinke suke, haka 'yar takardar da ke manne a bakin hannu ita ma cirewa ake yi, ba ado ba ce. Maɓallin ƙasa na jaket ba a ɓalla shi, in za a zauna a buɗe duka. Taye tsininsa ya taɓa kan bel. Ɗaurin taye kuwa ya koya da kansa, bidiyo sun cika YouTube, ya yi sau goma a gaban madubi, kada ya zama kullum sai an tashi Abbansa. Ya zauna, ya durƙusa, ya ɗaga hannu kamar zai amsa tambaya, ya yi ruku'u da sujada a ga ko shat na fitowa ta baya. Takalmin ya dinga sa shi a gida awa ɗaya kullum, in ba haka ba ranar farko zai dawo da ƙuraje a dunduniya.

Maganar sujada ta tuna min. A watan Disamba Azahar wajen sha biyu take, La'asar kafin biyu ta shiga, Magariba kuma wajen ƙarfe huɗu, kin ga salla biyu a makaranta za su same shi. To a zaɓi shat mai hannun da ke naɗuwa ya wuce gwiwar hannu, da takalmi mai sauƙin cirewa, a saka safa ta biyu da ɗan tawul a jaka. Ita mace ta sa hijabin da ake cirewa a mayar cikin minti ɗaya, ba mai fil bakwai ba. Masu maganaɗisun nan sun fi fil, ba su huda yadi.

Wadda ke yin kimiyya, ranar da za a shiga lab ta sa hijabin auduga ta cusa jelarsa cikin farar rigar lab. Shifon da sauran yadin roba suna kama wuta nan take su narke a fata, ga wutar gas a kan teburi. Malamai za su faɗa, amma gara ta ji daga gida.

Sai igiyar wuya mai katin shaida. Ita ce abin da suka fi tsanantawa, fiye da taye, domin tunda ba yunifom a jikinsu da ita ake bambance ɗalibi da baƙon da ya shigo harabar yara. A ba ta ƙusa ɗaya a bayan ƙofa tare da makullin gida. In ta ɓata sai an biya kuɗin wata.

Mataki na shida, sanyi da wanki

Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba da aka mayar da agogo baya, sanyi ya fara da gaske. Kuskuren yara shi ne su ɗora riga mai hula a kan kwat, ita kuwa kusan duk makarantar da ke da dokar nan ta hana ta. Dabarar ta ciki ake yi, rigar ɗumi siririya irin ta Uniqlo ko M&S a ƙarƙashin shat, suwaita a kai, jaket, sannan babbar rigar sanyi mara rubutu wadda ruwa ba ya ratsawa, a cire ta in an shiga gini. Ki sayi babbar da ɗan faɗi don ta hau kan jaket ɗin. Mata su sa doguwar safa mai kauri ko wandon ɗumi a ƙarƙashin siket, lambar da ke jikin ledar safar in ta kai 80 ko 100 ita ce mai kauri. Legins a matsayin wando shi kaɗai kuwa ba a yarda ba, ko ba a hana ba ma ni na hana.

Wanki ranar Juma'a da yamma ko Asabar da safe, don a gidajen nan kaya na iya kwana biyu ba su bushe ba, in sun daɗe da danshi kuma su yi wani wari kamar na tsumma. Shat a digiri 40, farare daban, a goga kwala da sabulu kafin a jefa. Wando a 30, a juya shi ciki waje. A rataye shat a hanga tun tana jiƙe, guga ta yi sauƙi. Alamar dutsen guga a takardar riga ɗigon cikinta shi ne zafin, ɗigo ɗaya sanyi-sanyi, uku zafi sosai, da'ira kuma na nufin sai masu wankin kwat. Wandon kwat a shimfiɗa masa ƙyalle mai ɗan danshi kafin a ɗora dutse, in ba haka ba zai yi ƙyalli har abada. Kuma yaron ne zai yi gugarsa, ba ke ba, shekara biyu suka rage ya tafi jami'a.

Sai wata magana da ba mai gaya mana sai mu gaya wa junanmu, wari da ƙamshi. Gidajen ƙasar nan a rufe suke ruf, hita na aiki, in kin soya manja ko kin kaɗa miyar kuka da daddawa duk yadin da ke rataye a baranda sai ya sha. Mu ba ma ji don mun saba. Rannan na shiga mota da jaket ɗin yaron bayan na wuni a waje, sai na ji kifin da na soya shekaranjiya, kunya ta kama ni. Tun daga nan jaket da rigar sanyi ɗaki suke shiga a rufe ƙofa, kicin kuma a buɗe taga. Turaren wuta da humra su ma a yi kaɗan, aji ƙarami ne tagogi a kulle, akwai masu asma, abin da a gida ake ce masa tsafta nan sai a kira ki a waya a kansa.

In duk da haka an tsayar da yaro

Ki ce masa kada ya yi gardama a baranda, ya ce to, ya tambayi wane layi ne na dokar, ya zo gida ya faɗa. In laifinku ne a gyara a wuce wurin. In kuma kin ga ba daidai aka yi masa ba, musamman kan addini ko gashi, hawa-hawa ake bi: malamin ajinsa, sai shugaban sikis fom, sai shugaban makaranta, sai kwamitin gudanarwa, duk a rubuce, kuma kowace makaranta dole tana da tsarin shigar da ƙorafi. Ki tuna malaman nan su ne za su rubuta masa shaida a takardar neman jami'a ta UCAS, masu neman likitanci da jami'o'in Okisfod da Kambirij tun 15 ga Oktoba na aji 13 suke rufewa, don haka a nemi haƙƙi amma da harshe mai laushi.

Kayan nan dai su ne zai sa in ya je sanin makamar aiki a aji 12, su ne na ganawar shiga jami'a, shi ya sa nake ware shat ɗaya fara da ba a taɓa ta sai irin wannan ranar. Kaftani da hula da atamfa su ma suna da ranarsu, makarantu da yawa na yin ranar al'adu, wasu cikin Oktoba da yake shi ne watan tarihin baƙar fata a nan. Babban nawa da ya yi ta ƙunƙuni wai shi ba zai sa shadda ya hau bas ba, ya sa farar da zanna bukar ɗin Abbansa, ya dawo yana tambayata ko akwai wata hular, wai abokinsa ɗan Poland na so a sayo masa in wani zai zo daga gida.